Rabin Ƙwaya Ba Rabin Haɗari Ba Ne

Hutun da ya wuce na koma gida na tarar ƙanena mai shekara tara yana birgima da ciwon haƙori. Gwaggo ta ɗauko ragowar taramadol ɗin da aka rubuta mata lokacin da ta yi tiyata, ta ce da ni, "Kai ɗan boko, ɓalla masa rabi mana, ai yaro ne." Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, wannan kam ba na yara ba ne." Ta ɗan ji haushi. Mun ba shi farasitamol, washegari aka kai shi wurin likitan haƙori. Abin da na kasa yi mata bayani a daren shi ne nake son rubutawa a nan, don na san da yawanmu mu ake tambaya a gida tunda muna manyan makarantu.

Kodin, taramadol, mofin da fentazosin duk dangi ɗaya ne, likitoci na kiransu ofiyod. Suna danne saƙon zafi a ƙwaƙwalwa, amma suna kuma danne sashen da ke kula da numfashi. Idan suka yi yawa, mutum yakan yi barci mai nauyi, numfashinsa ya riƙa raguwa har ya tsaya.

Matsalar kodin ta fi haka sarƙaƙiya. Shi kansa ba ya wani aikin kirki sai hanta ta juya wani kasonsa ya koma mofin, ta hanyar wani sinadari mai suna CYP2D6. To, ƙarfin wannan sinadarin gado ne. Wani hantarsa ba ta juya komai, ya sha a banza. Wani kuma tasa na juyawa da sauri fiye da kima, sai awon da aka saba bayarwa ya zame masa guba. Taramadol ma ta wannan hanyar yake bi. Kuma ba za ka kalli yaro ka gane wane iri ne ba. Shi ya sa lissafin "rabi" ba ya fita.

A Amurka an sami yaran da suka rasu bayan tiyatar cire ƙululun maƙogwaro da ake kira tonsil, alhali awon da likita ya rubuta aka ba su. A 2013 hukumar magunguna ta ƙasar, FDA, ta hana ba yara kodin bayan irin wannan tiyatar. A 2017 ta hana kodin da taramadol ga duk yaron da bai kai shekara 12 ba, ta kuma yi gargaɗi kan 'yan 12 zuwa 18 masu ƙiba sosai ko matsalar numfashi, da mata masu shayarwa, don maganin na bi ta nono. A nan Najeriya, gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan binciken da BBC ta yi. Amma fa taramadol na nan a durowar gidaje.

Kar a fahimce ni baibai. Yaro mai sikila da ciwonsa ya tashi, ko wanda ya ƙone, ko mai kansa, yana iya buƙatar mofin, kuma hana shi zalunci ne. Bambancin shi ne a asibiti ana auna nauyinsa a lissafa awo, a sa masa ido, kuma akwai allurar nalokson da ke karya maganin idan ya yi yawa. Ciwon haƙori, targaɗe da ciwon mara kuwa, farasitamol ko ibufurofen a awon da ya dace sukan wadatar.

Idan likita ya rubuta wa ƙaninka irin wannan magani, ka tambayi kwana nawa zai sha. A kulle shi, kar a haɗa shi da maganin barci ko na mura mai sa gyangyaɗi, ragowar kuma a mayar wa mai harhaɗa magani, don matasa da dama daga ragowar gida suke fara ɗanɗanawa. In ka ga yaro ya ƙi farkawa, yana minshari mai nauyi, numfashinsa na ja, baƙin tsakiyar idonsa ya tsuke kamar bakin allura, kar a ɗura masa madara ko manja. A kwantar da shi ta gefe, a ruga asibiti, a tafi da kwalin maganin.