Zama da Maɗaukin Kanwa: Darasi Daga Idon Ƙuda

Duk ɗalibin da ya taɓa barin ɓawon mangwaro ko ayaba ya kwana biyu, a Dangoma ko a kasuwar Kalgo, ya san ƙananan ƙudajen nan masu jajayen idanu da ke taruwa a kansa. Masana na kiransu Durosofila, kuma daga idonsu aka gano wani babban sirrin gado.

Jan launin idon nan yana bukatar aikin wata ƙwayar gado da ke kan kuromosom X, ɗaya daga cikin sandunan da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta. A shekarar 1930, masanin Amurka Hermann Muller ya ba da rahoton cewa bayan ya haska wa ƙudajen hasken ɗaukar hoton ƙashi, an sami zuriya masu idanu dabbare-dabbare, wani wuri ja, wani wuri fari. Abin mamaki, ƙwayar gadon lafiyarta ƙalau. Wani yanki ne na kuromosom ya karye ya juya, sai ta sami sabon maƙwabci.

Wane ne maƙwabcin? Zaren DNA dogo ne, domin na ƙwayar halittar mutum guda ya kai kusan mita 2, don haka a nannaɗe yake. Wani sashe naɗinsa sakwa-sakwa ne, ana iya karanta saƙonsa. Wani kuwa ya matse tam, kamar naɗaɗɗiyar tabarma wadda ba a ganin zanen cikinta. Wannan matsattsen sashe shi Emil Heitz ya sa wa suna heterokuromatin a 1928. Idan ƙwayar gado ta koma kusa da shi, naɗin kan yaɗu ya rufe ta a wasu ƙwayoyin halitta, ya ƙyale ta a wasu, kuma kowace ta gadar wa 'ya'yanta halin da ta samu. Inda aka rufe ta, ido ya yi fari. Lalle zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

A 1986 aka gano furotin HP1, ɗaya daga cikin masu ɗaure wannan naɗi a jikin ƙuda. To, ina ruwanmu? Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro tana da irin wannan furotin. Tana da ƙwayoyin gado wajen 60 masu ƙera alamar da take liƙawa a jikin jajayen ƙwayoyin jini, amma sai ta rufe duka ta bar guda. Kafin garkuwar jiki ta gama da masu wannan alamar, wasu sun buɗe wata. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa yaro kan kamu da cutar sau da yawa kafin jikinsa ya yi ƙarfin jure ta. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Kebbi suna ɗauke da ita, adadin da ya fi na kowace jiha.

Saboda haka, malamai, idan kun zo darasin gado, ku nuna wa ɗalibai cewa mallakar ƙwayar gado daban, aikinta daban. Mazauninta ma yana da ta cewa.