SARA TAVARES: YARINYAR DA IYAYE SUKA BARI, DUNIYA TA ƊAUKA

'Yan uwana mata, yau ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba. Labarin wata baiwar Allah ne, Sara Tavares, wadda ranar da na karanta tarihinta wallahi sai da na ajiye biro na yi tagumi.

An haife ta a Lisbon, babban birnin ƙasar Fotugal, ranar 1 ga Fabrairu 1978. Iyayenta baƙi ne daga tsibiran Cape Verde na Yammacin Afirka. Tana 'yar mitsitsiya aurensu ya mutu, uba ya yi Amurka, uwa ta kama gabanta, aka bar ta hannun wata tsohuwa Baturiya. Allah sarki! Ga ta baƙar fata cikin Turawa, ba ta jin harshen iyayenta, sai rediyo ya zame mata abokin hira.

Da haddar waƙoƙin Amurkawa ta fara, har ta cinye wata gasar talabijin inda ta kwaikwayi Whitney Houston. A 1994, tana da shekara 16, ta wakilci Fotugal a gasar Eurovision da aka yi a Dublin, ta zo ta 8 cikin ƙasashe 25. Wata ce da shi ke nan, kai ya kumbura. Ita kuwa ta gane cewa kayan aro ba ya rufe katara, domin muryar da ake tafa wa ba tata ba ce.

Sai ta rungumi jita, ta koyi Kiriyol, harshen iyayen nata, ta shiga rubuta waƙoƙinta da kanta tana gauraya shi da Fotugis. A 1999 ta fitar da faifan Mi Ma Bô, wato ni da kai, tare da gwanin nan ɗan Kwango, Lokua Kanza. Faifan Balancê na 2005 ne ya kai sunanta ƙasashen duniya.

Ana cikin haka, a 2009, shekarar da Xinti ya fito, likitoci suka gano ƙari a ƙwaƙwalwarta. Aka yi mata aiki, ta daɗe tana jinya, amma a 2017 sai ga ta da Fitxadu. Ciwon bai rabu da ita ba, ta rasu a Lisbon ranar 19 ga Nuwamba 2023, tana da shekara 45.

Abin ya taɓa ni, don kuwa ni ma littafina na farko kwaikwayon manyan marubuta na yi, har wata ƙawata ta ce, "Ke kuma ina taki muryar?" Kwana biyu ban yi mata magana ba, alhali gaskiya ta faɗa.

To ƙanwata, ke da kike hannun riƙo kina kukan maraici da iyaye a raye, share hawayenki. Ke kuma mai rubutu a bayan littafin makaranta, koyi da na gaba ba laifi ba ne, amma kada ki kwana a nan.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.