Tagwayen Haƙora a Bakin Yara

Akan sami yaro ɗan shekara biyu ko uku wanda ɗaya daga cikin haƙoransa na gaba ya fi 'yan'uwansa faɗi ƙwarai, kuma da wani ɗan tsagi a tsakiyarsa daga sama har ƙasa, tamkar an manne haƙora biyu wuri guda. Wasu iyaye kan ɗauka haƙorin ya tsage ne saboda faɗuwa, wasu kuwa su ce ai haƙorin nono ne, zai fita da kansa idan lokacin famfara ya yi. Gaskiya ne zai fita, kuma yawanci ba ya ciwo. Amma likitocin haƙori ba sa ɗaukarsa da wasa, domin sau da yawa alama ce ta abin da ke faruwa a cikin muƙamuƙi, inda haƙoran dindindin suke jiran lokacinsu.

Haƙoran nono guda 20 ne, goma a sama, goma a ƙasa. A kowane muƙamuƙi akwai na gaba 4, da fiƙa 2, da turame 4. Sukan fara tsirowa ne tun jariri yana da kimanin wata 6, su kammala kafin ya cika shekara 3. Sai dai tsirowa daban, halitta daban. Tun tayi yana da wajen mako 6 a cikin mahaifa ake soma aza harsashinsu, inda kowane haƙori yake farawa daga wani ɗan ƙullutu na ƙwayoyin halitta, kamar tohon reshe. A wannan mataki ne tagwayen haƙora suke samuwa, kuma ta hanya biyu.

Hanya ta farko ita ce haɗewa. Toho biyu da ke maƙwabtaka sukan matsu da juna har su manne kafin su yi tauri, sai su fito a matsayin haƙori ɗaya mai faɗi. Idan sun haɗu da wuri, sukan narke cikin juna gaba ɗaya; idan kuwa a makare ne, sai wani ɓangarensu kawai ya haɗu, kowanne kuma yana iya riƙe ramin jijiyarsa. An fi ganin wannan a muƙamuƙin ƙasa, tsakanin haƙorin gaba na gefe da fiƙa, ko tsakanin na gaba biyu da ke jere. Hanya ta biyu ita ce rabewa, wato toho ɗaya ya yi yunƙurin zama biyu amma bai kammala ba. Sakamakonsa shi ne haƙori mai kai biyu a kan saiwa ɗaya, kuma an fi samunsa a sama. Gado yana da hannu a lamarin, domin akan ga abin ya maimaitu a gida ɗaya. Ba wani abinci da uwa ta ci ko ta bari lokacin goyon ciki aka sani yana jawo shi ba. Yawansa ya bambanta tsakanin al'ummomi: a ƙasashen Turai bai cika wuce yaro 1 cikin 100 ba, alhali a Japan an taɓa samun kusan 4 cikin 100. A haƙoran dindindin kuwa ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba.

Yaya ake bambance su? Matakin farko ƙidaya ce, wadda kowane ɗalibi zai iya yi a bakin ƙaninsa. A lissafa faffaɗan haƙorin a matsayin guda ɗaya. In an sami 9 a muƙamuƙin maimakon 10, to biyu ne suka haɗe. In an sami 10 cif, to ɗaya ne ya so rabewa. Wannan dabara tana da sauƙi, amma tana iya yaudara. Wani lokaci yaro kan zo da haƙori na ƙari, ya manne da na ainihi, sai ƙidaya ta ba da 10 alhali haɗewa ce ta auku. Saboda haka ne likitoci da yawa suka gwammace su kira su duka tagwayen haƙora, su bar gardamar suna, su koma ga hoton ƙashi.

Hoton ne ke nuna ko saiwa ɗaya ce ko biyu, da kuma yadda ramin jijiya yake. Amma babban amfaninsa shi ne duba magajin da ke ƙarƙashi. Kowane haƙorin nono yana da na dindindin da zai gaje shi, kuma daga zare ɗaya na ƙwayoyin halitta suka samo asali, don haka abin da ya taɓa na sama yakan taɓa na ƙasa. Idan haƙorin gaba na gefe ya haɗe da fiƙa, a cikin yara masu yawa, rabi ko ma fiye, akan tarar babu haƙorin gefe na dindindin sam, ba a halicce shi ba. Idan kuwa rabewa ce, ko haɗewa da haƙorin ƙari, to wani lokaci akan sami ƙarin haƙori a cikin na dindindin ma. Sanin haka tun yaro yana da shekara 5 ko 6 yakan ba likita damar shiri: ko dai a bar sauran haƙora su matso su rufe giɓin, ko a tsare gurbin har yaro ya girma a sa masa na roba.

Akwai kuma matsalar lokaci. Haƙorin nono ba haka kawai yake faɗuwa ba. Magajinsa ne ke turowa yana narkar da saiwarsa sannu a hankali har ya yi girgiɗi. Na gefe a ƙasa yakan fita ne wajen shekara 7 zuwa 8, fiƙa kuwa sai wajen 9 zuwa 12. To, idan waɗannan biyu suna manne, sai saiwa ɗaya ta narke, ɗaya kuma tana nan daram, ta riƙe haƙorin gaba ɗaya. Magajin da ya shirya fitowa sai ya makara, ko ya kauce ya ɓullo ta bayan jeri a karkace.

Abin da ya fi saurin kai irin waɗannan yara asibiti, duk da haka, shi ne tsagin nan na tsakiya. Yana da zurfi, ya kuma yi ƙunci ƙwarai, gashin buroshi ko na asuwaki ba ya isa ƙarshensa. Ragowar abinci, musamman mai zaƙi kamar alewa, da biskit, da shayi mai sukari, sukan maƙale a ciki, ƙwayoyin bakteriya su mai da sukarin ruwa mai tsami wanda ke cin haƙori. Da yake ɓawon haƙorin nono bai kai na manya kauri ba, kogo yakan isa jijiya da wuri. In tsagin ya gangara har ƙarƙashin dasashi, nan ma yakan kumbura ya riƙa jini.

Magani ya danganta da abin da aka tarar. Mafi yawan lokuta babu abin da ake yi illa tsabta da sa ido: a goge wa yaro baki sau biyu a rana da man da ke ɗauke da sinadarin fuloraid, gwargwadon ƙwayar shinkafa ga wanda bai kai shekara 3 ba, gwargwadon ƙwayar wake kuma daga 3 zuwa 6, a kuma kai shi a duba duk bayan wata 6. Likita kan toshe tsagin da wani farin abu mai kama da danƙo wanda ke daskarewa, aiki ne na 'yan mintoci, babu allura. In kogo ya riga ya shiga, sai a ƙwaƙule ruɓar a cike. In ya kai jijiya, ana iya yi wa jijiyar magani, ko da yake ramukan irin wannan haƙori ba su da tsari ɗaya, aikin yakan yi wuya. Raba haƙorin gida biyu abu ne mai yiwuwa idan kowane ɓangare yana da saiwarsa, amma ba kasafai ake ɗora wa ƙaramin yaro wannan wahala a kan haƙorin da zai fita ba.

Cirewa ita ce mataki na ƙarshe, kuma ana yin ta ne idan haƙorin ya ruɓe ya yi ƙurji, ko ya tare wa magajinsa hanya. Ba aikin gida ba ne, ba kuma na zare da ƙofa ba, domin saiwar da ba ta narke ba tana iya karyewa ta saura a ciki. In an cire shi tun kafin lokacinsa, likita kan duba ko akwai buƙatar sa wani ɗan ƙarfe da zai tsare gurbin, don kada haƙoran da ke gefe su jingino su cinye wurin kafin na dindindin ya fito.