Baƙin allo bayan ɗora sabon Windows: A dakata da cinikin sikirin

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, masu tsofaffin kwamfutoci ke komawa Windows 11, har da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Wani sai ya kunna, fanka na juyawa, fitila na ci, allo kuwa baƙi ƙirin. Ga furojet a ciki, ga malami na jira.

Sau da yawa allon lafiyarsa ƙalau. Idan tambarin HP ko Dell ya fito kafin duhun, matsalar ta manhaja ce, galibi direban hoto. Zare filashin da aka yi aikin da shi, ka sake kunnawa. In shiru, danna Windows, Ctrl, Shift da B tare. In ta ƙi, kashe ta da maɓalli sau uku tana cikin tashi. Shafin gyara zai buɗe, ka shiga Safe Mode ka cire direban.

Sai in ko tambarin bai fito ba za ka nufi PZ a Sabon Gari. Can ma a fara jona ta da talabijin ta HDMI, kuma kada ka bari mai gyara ya yi fomatin kafin ya kwashe maka furojet ɗinka.