Tsiro mai cin ƙwari: zai iya zama a Dantchiao?

A ƙasar Hausa mun saba ƙwaro ne ke cin ganye: fara ta faɗa wa gona, tsutsa ta ɓata zangarniyar hatsi. To, jama'a, akwai tsiron da shi ne ke cin ƙwaro. Sunansa Pinguicula, Faransawa kuma suna ce masa grassette saboda ganyensa yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu.

Ganyen yana fitar da ruwa mai danƙo. Da ƙaramin ƙwaro ya sauka, sai ya liƙe, ganyen ya narkar da shi ya tsotse. Dalili kuwa, tsiron yana fitowa ne a ƙasa maras ƙarfi, sai ƙwari suka zama takinsa. Masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya bayyana haka a littafinsa na 1875. A Suwidin da Norwe har an yi amfani da ganyen wajen kafa nono.

Ga sabon shiga, waɗanda suka fi sauƙin reno su ne na ƙasar Meziko, kamar Pinguicula moranensis da Pinguicula esseriana. A shuka shi cikin ƙaramin kasko, a yashin da aka wanke sosai, haɗe da tsakuwa ƙanana. Kar a sa taki, ko na dabbobi ko na zamani, domin yana ƙone saiwa. A ba shi ruwan sama. Ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri illa ne gare shi. Yana son haske, amma ba ranar tsaka ba.

Idan sanyi ya shigo, yakan daina danƙo ya fito da ƙananan ganye masu kauri. Bai mutu ba, hutu yake yi. A rage ruwa. Lokacin ne ake zare ganye ɗaya a aza bisa yashi mai ɗan laima, bayan ƴan makonni ya ba da sabon tsiro.

Babbar matsalar ita ce bazara. Ɗan tsauni ne, ya fi jin daɗi ƙasa da digiri 30, alhali a Magarya da Dungas zafin Afrilu da Mayu yakan haura 40. Sai an ajiye shi a inuwa kusa da randa, an kuma kare shi daga ƙurar hunturu mai toshe danƙonsa.

Wanda bai samu ba, ɗan'uwansa yana nan kusa. Utricularia, mai ƙaramin fure rawaya, yana yawo bisa tafkunan Sahel, har da na Nijar, ba shi da saiwa, yana zuƙe ƙananan halittun ruwa da ƴan jakunkunansa. Mai zagaya tafki a ƙarshen damina ya sa ido.

Sai dai a kiyaye: duk wanda ya tallata muku tsiron nan a matsayin maganin sauro, kuɗinku yake so. Ƙananan ƙuda yake kamawa, ba ya hana zazzaɓin cizon sauro. A bar yara su ci gaba da kwana cikin sange.