Ɗan Asali Da Baƙo: Ina Matsayin Ɗan Mando?

A Mando, unguwar da ke kan hanyar filin jirgin saman Kaduna a Ƙaramar Hukumar Igabi, akwai samarin da a nan aka yanke musu cibiya, iyayensu kuwa daga Katsina ko Borno ko Ilori suka zo cin kasuwa ko aikin gwamnati. Ranar da za su nemi gurbin karatu ko shiga soja, sai a ce su kawo takardar shaidar asali, wato su koma garin kakanninsu, inda wataƙila ko mai unguwa bai san su ba.

Tushen matsalar yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 42 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin da ya fito, amma sashe na 147 ya ce a naɗa minista daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalinta. Tsarin raba daidai na tarayya ma da asali yake aiki, bai damu da inda mutum ke biyan haraji ba.

Abin ya fi ɗaure kai a Kaduna, birnin da Turawa suka mayar hedikwatar Arewa a 1917, wanda baƙi ne suka raya shi.

Gwamnatin tsohon gwamnan Kaduna, Nasir El-Rufa'i, ta sanar da soke bambancin ɗan asali da baƙo, ta kafa hukumar rajistar mazauna jiha. Mataki ne mai kyau, sai dai ikonta bai wuce jiha ba. Muddin majalisar tarayya ba ta gyara kundin ba, hukumomin tarayya za su ci gaba da neman takardar asali.