Ciwon Mara Mai Daɗewa: Yadda Wasu Majinyata Suka Zama Masu Warkarwa

A asibitocin Amurka da Birtaniya da Faransa akwai wani rukuni na likitocin gashi da motsa jiki, wato waɗanda ake kira likitocin fisiyo, da ba su da wani aiki sai kula da tsokokin da ke ƙasan ƙugu. Wasu daga cikin waɗanda suka yi suna a wannan fanni ba sha'awa ce kawai ta kai su ba. Su da kansu sun sha fama da ciwon mara da ƙugu, irin wanda ake yawo da shi daga wannan likita zuwa wancan, gwaji kuma ya nuna babu komai.

Likitoci kan kira ciwon mara mai daɗewa idan ya kai wata 6 ko fiye yana damun mutum, ko dai a kullum ko kuma yana tafiya yana dawowa. Wani bincike da aka buga a Amurka a shekara ta 1996, wanda aka yi wa mata fiye da 5,000 masu shekaru 18 zuwa 50 tambayoyi, ya gano cewa kimanin mace 1 cikin kowace 7 tana fama da shi, kuma fiye da rabinsu ba a gano musu dalili ba. Ko da yake Hausawa na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, wannan ciwo bai bar maza ba. A wurinsu yawanci akan ɗora laifin a kan furostet, wata halitta da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, amma kimanin kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka ce suna da kumburinta ba a samun ƙwayar cuta a jikinsu.

Dalilan ciwon dai suna da yawa. Akwai cutar endometiriyosis, inda wani tsiro mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ke fitowa a wajen mahaifar, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana shafar kimanin kashi 10 cikin 100 na matan da ke cikin shekarun haihuwa. Akwai ciwon mafitsara da na hanji, akwai kuma rauni na haihuwa ko na tiyata. To, amma abin da aka daɗe ba a kula da shi ba shi ne tsokar wurin ita kanta.

A ƙasan ƙugun kowane mutum akwai tsokoki da suka shimfiɗu daga ƙashin mara zuwa ƙarshen ƙashin baya, kamar gindin kwando. Su ne ke tallafe da mafitsara da dubura, da mahaifa a jikin mace, su ne kuma ke riƙe fitsari da bayan gida. Idan wani ciwo ya taso a yankin, ko kuma mutum yana cikin fargaba, sai su ɗaure don kare wurin. Idan ɗaurewar ta daɗe, sai su sage, kamar wuyan ɗan dakon da ya yini da kaya a ka. Daga nan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa su ƙara saurin ji, zafin ya ƙara ɗaure tsoka, tsoka ta ƙara zafi. Ana iya maganin cutar da ta fara jawo matsalar ta warke sarai, amma zafin ya ci gaba wajen zama, ko fitsari, ko saduwar aure.

Wannan shi ne halin da Dakta David Wise, wani masanin halayyar ɗan Adam a jihar Kaliforniya, ya shiga har fiye da shekara 20. Bayan ya sami sauƙi ta hanyar sassauta waɗannan tsokoki da kuma koyon kwantar da jiki, sai ya haɗa kai a cikin shekarun 1990 da Dakta Rodney Anderson, farfesa a sashen cututtukan mafitsara na Jami'ar Stanford. A shekara ta 2003 suka fitar da wani littafi wanda ma'anar sunansa ita ce ciwon kai a cikin ƙugu. A 2005 kuma suka buga sakamakon aikinsu a kan maza 138, inda kashi 72 cikin 100 suka ce sun sami sauƙi matsakaici ko mai yawa, ko da yake binciken bai kwatanta su da wani rukuni da aka yi wa magani na dabam ba.

A birnin New York kuwa, Isa Herrera, wata likitar fisiyo, ta bayyana cewa matsalar tsokokin ƙugu da ta same ta bayan haihuwar 'yarta ce ta sa ta mai da wannan fanni aikinta. Ta buɗe wurin jinya a birnin, a 2009 kuma ta wallafa littafin da ke koya wa mata yadda za su kula da kansu a gida. Mai ɗaki, in ji masu iya magana, shi ya san inda yake masa yoyo.

Shaida mafi ƙarfi ta fito ne a shekara ta 2012, daga wani gwaji da aka yi a cibiyoyin lafiya 11 a kan mata 81 masu ciwon mafitsara mai daɗewa. An raba su gida biyu. Kashi 59 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin sassauta tsokokin ƙugu da hannu sun sami sauƙi, alhali a cikin waɗanda aka yi wa tausar jiki ta gama-gari kashi 26 ne kawai suka samu. Wannan ya nuna hanyar tana aiki, ya kuma nuna ba kowa take warkarwa ba.

Akwai wani kuskure da masana ke yawan jan kunne a kansa. Mata da yawa sun san motsa jikin nan na matse tsokar gaba, wanda Dakta Arnold Kegel, likitan mata a Los Angeles, ya bayyana a 1948 don masu ɗigar fitsari bayan haihuwa. Wannan na tsokar da ta yi rauni ne. Wadda ta riga ta ɗaure, matse ta ƙara mata wahala ne. Shi ya sa a 2011 ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta ba da shawarar masu ciwon mafitsara mai daɗewa su guje shi. Abin da likitan fisiyo ke yi musu shi ne ya nemo wuraren da tsoka ta ƙulle ya danna su a hankali har su saki, ya koyar da numfashi mai zurfi da miƙe jiki, ya kuma gyara yadda mutum ke zama da yadda yake yunƙuri a bayan gida. Wani lokaci aikin na bukatar a taɓa tsokar ta ciki, amma ba a yin haka sai da yardar majinyaci, kuma mace na iya neman mace 'yar'uwarta ta duba ta.

Shiga wannan sana'a ba ya samuwa da sanin zafin ciwo kaɗai. A Amurka, sai mutum ya gama digirin farko, ya ƙara shekara 3 yana karatun fisiyo, ya ci jarrabawar samun lasisi, sannan ya ɗauki horo na musamman a kan ƙugu. Wata likitar fisiyo 'yar asalin Ostireliya, Elizabeth Noble, ita ce ta kafa reshen wannan fanni a ƙungiyar likitocin fisiyo ta Amurka a 1977. Da farko na masu ciki da masu jego ne, daga baya aka sauya masa suna zuwa na lafiyar ƙugu, domin maza ma na zuwa. A Faransa kuwa, tun daga 1985 inshorar lafiya ta gwamnati ke biya wa mai jego kuɗin gyaran waɗannan tsokoki, yawanci zuwa 10.

A tsakanin Hausawa, na gida da na ƙetare, ciwon mara da ya ƙi jin magani akan ce masa sanyi, a yi ta shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ana sakewa, kunya kuma ta hana a faɗa wa likita ainihin inda ke ciwo. Likitoci na cewa zafin da ya zo farat ɗaya, ko wanda ya haɗu da zazzaɓi, ko zubar jini, ko juna biyu, ba na jira ba ne, a garzaya asibiti. Amma idan an yi wata da watanni ana gwaji ba a ga ƙwayar cuta ba, to majinyaci na da damar ya tambayi likitansa ko an duba tsokokin ƙasan ƙugu, ya kuma nemi a tura shi wurin likitan fisiyo da ya sami horo a kansu.